Manoma 140 na samu cikin 300: in cike sauran takardun da kaina?

Ɗan_Domayo:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da tambaya, don Allah kada a yi mini dariya. Ina shekara ta biyu a mastar, kundina a kan manoman muskuwari ne, wato dawar rani da ake dasawa bayan damina, yadda suke samun iri da yadda farashi ke karya su bayan girbi. Malamin da ke duba aikina ya ce sai na yi wa manoma 300 tambayoyi. Na sauka ƙauyukan wajen Bogo da Mindif a arewacin Kamaru, na yi mako uku, kuɗin kilando, wato babur ɗin haya, da man zuwa-zuwa suka cinye ɗan abin da babana ya haɗa mini. Takardu 140 kacal na cike. Wani abokina da ya kare kundinsa bara ya ce in daina wahalar da kaina, in sami inuwar darbejiya in cike sauran 160, ai amsar manoma duk ɗaya ce. Shi ma haka ya yi, kuma ya fita da maki 16 cikin 20.

To a makon jiya aka tara mu taron bita na kwana biyu kan ɗa'ar bincike da riƙon amana, wai sai da takardar shaidar halarta za a karɓi kundi. An yi ta haska mana rubutu a bango, an raba lemo da burodi, mun sa hannu mun watse. Tambayata biyu. Wannan cikon da abokina ya faɗa, babban laifi ne ko ɗan kwaskwarima? Sannan wannan horon, akwai wanda ya taɓa ganin ya gyara halin wani, ko cika sharaɗi ne kawai?

MaiKilando:
Ni dai abin da na gani shi ne an dawo da laifin kanmu. Mu ne muka cinye kuɗin ke nan?

Mai_Lissafi237:
Wa alaikumus salam ƙanena. Ba kwaskwarima ba ne. Manyan laifukan bincike uku ne da kusan kowace jami'a ta yarda da su: ƙirƙirar bayanan da babu su, murɗe waɗanda ake da su, da satar aikin wani. Abin da abokinka ya ba ka shawara shi ne na farkon, kuma ya fi sauran muni, domin mai sata aƙalla abin da ya ɗauko akwai shi a duniya.

Bari ma in gaya maka, cikon inuwar bishiya ba ya ɓuya ga wanda ya san lissafi. Mutum in yana ƙago lambobi daga kansa, hannunsa na yawan faɗawa kan wasu lambobi fiye da wasu. Amsoshin sukan yi kama da juna fiye da kima, babu manomin da ya yi gardama, babu wanda ya ƙi faɗin yawan buhunansa, babu tsohon da ya ba da amsar da ba ta shiga ko'ina. Takardun gaskiya suna da datti. Na taɓa karɓar takardu 200 daga wani ɗalibi, duk da biro ɗaya, ba ƙura ba lanƙwasa, wai daga ƙauye suka fito a watan Maris.

Gaskiya_Ɗaci:
Mai_Lissafi, kai kake dubawa. Nawa ne irinka? Ranar sutenans, wato ranar kare kundi, alƙalai uku ne, ɗaya ma a mota ya buɗe kundin. Za su yi faɗa kan waƙafi da girman haruffa, ba wanda zai ce kawo takardun mu gani. Ɗan_Domayo, ni ban ce ka yi ba, ban kuma ce kada ka yi ba. Amma kada wani ya ruɗe ka cewa kamawa ake yi.

Malam_Isnadi:
Ikon Allah. Wato magana ta koma kan a kama ko kada a kama. Ɗana, manoma 160 da ba ka gani ba za ka sa wa magana a baki. Wannan a wajenmu shaidar zur ce, ba ta da wani suna. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya cusa hannu cikin tarin hatsi a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Kundin da samansa 140 na gaske, ƙasansa 160 na ƙarya, da me ya bambanta da wancan tarin hatsin?

Kuma ina mamakin yadda ake kawo muku wannan darasi kamar baƙon abu daga Turai. Malaman hadisi sun gina ilimi guda a kan tambayar "wa ya gaya maka, shi kuma wa ya gaya masa". Abdullahi ɗan Mubarak ya ce isnadi yana daga cikin addini, ba domin shi ba da kowa ya faɗi abin da ya ga dama. Sukan ajiye ruwayar mutum salihi mai yawan ibada saboda haddarsa ba ta da ƙarfi. Har wanda ya ɓoye sunan malaminsa na gaskiya ya ambaci na sama da shi, sun ba abin suna, tadlisi.

Gaskiya_Ɗaci:
Allah ya gafarta Malam, ba na jayayya da ko kalma ɗaya. Sai dai masu ruwayar hadisi ba a ba su wa'adin ajiye kundi kafin ƙarshen wata ba, ba a kuma ce in sun wuce su sake biyan kuɗin rajista dubu 50 ba.

Malam_Isnadi:
Su tafiyar wata guda suke yi a kan raƙumi saboda hadisi ɗaya, ɗana.

Hajiya_Labo:
Bari in taɓo tambaya ta biyu, don na ga an bar ta. Na halarci irin wannan bita sau uku. Biyu ban amfana da komai ba, sai sunaye da shekaru: ƙa'idojin Nuremberg 1947, sanarwar Helsinki 1964, sanarwar Singafo 2010 mai ginshiƙai huɗu. Na haddace, na ci jarrabawa, na manta. Ta ukun ce ta shige ni. Matar da ta koyar ba ta haska komai ba. Ta raba mu rukuni-rukuni, ta ba kowane rukuni matsala irin wadda muke gani kullum: an ɗauke wuta kwana biyu, firij ya huce, samfurin jini 30 sun lalace, me za ka rubuta? Shugaban sashe ya ce a sa sunan abokinsa a maƙalarka, me za ka ce masa, da waɗanne kalmomi? Mun yi gardama har aka kira la'asar. Daga ranar na fara riƙe littafin ɗakin gwaji mai lambar shafi, ina rubuta kwanan wata da biro, in na yi kuskure in ja layi ɗaya a kai, ba na yage shafi.

Saboda haka a ganina ba horon ne banza ba, yadda ake ba da shi ne. Kuma masana sun duba wannan. Cibiyar Cochrane ta tattara binciken da aka yi a kan irin waɗannan darussa a 2016, ta ce hujjar cewa suna rage maguɗi ba ta da ƙarfi. Inda aka ɗan ga alamar amfani shi ne wajen satar rubutu, musamman in an sa ɗalibai sun gwada da hannunsu.

Gaskiya_Ɗaci:
To kun ji. Hajiya da kanta ta kawo mini shaida.

Hajiya_Labo:
Kada ka sa mini magana a baki kai ma. Rashin ƙarfin hujja daban, hujjar rashin amfani daban.

Bintu_Kuseri:
Ni ba 'yar jami'a ba ce yanzu, amma na yi shekara huɗu ina aikin cike takardun tambayoyi wa masu bincike da ƙungiyoyi, daga Kuseri har gaɓar tafkin Chadi. Abin da ya fi damuna ba a ma ambata ba tukuna. Ɗan_Domayo, waɗannan 140 ɗin da ka samu, yaya ka nemi yardarsu? Da wane harshe? Domin a bita za a ce maka kowa ya karanta takardar amincewa ya sa hannu. Takardar da Faransanci, shafi biyu. Je ka ka miƙa wa tsohuwa a ƙauye ka ce ta dangwala yatsa, nan take za ta ɗauka gonarta za a karɓe ko haraji ne. Wasu kuma da sun ga takarda da biro sai su ɗauka rajistar rabon abinci ce, su ce eh ga komai, su ƙara yawan 'ya'ya, su rage yawan awaki.

Ni abin da nake yi, in fara gaida lawan ko jauro, wato masu gari, in yi bayani a gaban jama'a da Hausa ko Fillanci ko Larabcin Shuwa, in faɗa ƙarara cewa babu abin da za a raba. Sannan in sake tambayar kowane mutum shi kaɗai, don yardar jauro ba yardar mutum ba ce, balle mace da mijinta ya amsa mata. Wanda ya ƙi, in yi godiya in wuce. Ranar da na fara faɗin "ba a raba komai", rabin layin ya watse, amma amsoshin da suka rage sun fi na da gaskiya nesa ba kusa ba.

Ɗan_Domayo:
Yaya Bintu, gaskiya jauro kawai na gaida, shi ya tara mini mutane. Da Fillanci na yi bayani, amma ban ce musu suna iya ƙi ba. Ban ma yi tunanin haka ba.

Baƙon_Kano:
Ku da kuke ganin maganar yarda wasa ce, ku tambaye mu. A 1996 annobar sanƙarau ta ɓarke a arewacin Najeriya, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano a kan yara kusan 200, rabi aka ba su sabon maganin, rabi wani da aka sani. Yara 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba, kamfanin ya ce an nemi yardarsu da baki kuma cutar ce ta yi kisan. Daga baya ta fito cewa takardar izinin kwamitin ɗa'a bayan an gama aka rubuta ta, aka sa mata tsohon kwanan wata. Sai a 2009 aka sasanta da jihar Kano a kan dala miliyan 75. Da aka zo ƙin rigakafin shan inna a 2003, wannan labarin na cikin abin da mutane ke kafa hujja da shi, cutar kuwa ta sake bazuwa har ƙasashen maƙwabta. Mai bincike ɗaya ya ɓata, na bayansa shekara ashirin suna biya.

Dokta_Walia:
Ba sai an tsallaka iyaka ba ma. A Duwala an fara gwajin maganin tenofovir a 2004 a kan mata kusan 400 masu zaman kansu, don a ga ko yana kare mutum daga ƙanjamau. A watan Fabrairun 2005 gwamnatin Kamaru ta dakatar da shi, bayan ƙorafin cewa bayanin da aka yi wa matan bai wadatar ba, kuma ba a tanadi isasshiyar kulawa ga wadda ta kamu a lokacin gwajin ba. Abin takaicin, shekaru kaɗan bayan haka an tabbatar a wasu wurare cewa dabarar tana aiki. Tambayar binciken mai kyau ce, mu'amala da mutane ce ta rusa shi. Yanzu Kamaru tana da doka ta 2022 kan binciken lafiya a jikin ɗan Adam, ga kwamitin ɗa'a na ƙasa. Mu ma nan Chadi muna da kwamitin ƙasa da ake kai wa irin wannan aiki kafin a fara.

Amma Ɗan_Domayo, ka saurare ni, ni malami ne, ina duba kundaye a Njamena. Lambar 300 ba aya ba ce. Koma wurin malaminka da takardunka 140 a hannu, ka gaya masa abin da ya faru. Sannan a babin hanyoyin bincike ka rubuta: an yi niyyar 300, an samu 140, ga ƙauyukan da aka je, ga waɗanda ba a kai gare su ba, ga dalili. Ka faɗi abin da hakan ke jawowa, misali in ƙauyukan bakin hanya kawai ka samu, to farashin da suke sayarwa zai iya bambanta da na masu nisa da kasuwa, don haka kada a ɗora sakamakonka a kan yankin gaba ɗaya. Wallahi ɗalibin da ya rubuta mini haka ya fi burge ni a kan mai 300 sumul.

Gaskiya_Ɗaci:
Dokta, da duk malamai irinka ne da ba a buɗe wannan zancen ba. Ni nawa malamin cewa ya yi in "gyara" jadawali saboda sakamakon bai yi daidai da abin da ya wallafa a baya ba. Da maƙala ta fito daga kundina, sunana ne na huɗu. Na ɗaya shi, na biyu wani da ban taɓa gani ba, na uku matar wani. Wa zan kai wa ƙara? Shi ne a kwamitin. Shi ya sa bitar nan ke ba ni dariya: ana tara 'yan tsaki ana yi musu wa'azi, shaho na zaune a babban tebur.

Hajiya_Labo:
Wannan kam gaskiyarka. Ƙa'idar mujallun likitanci a fili take: sai wanda ya ba da gudummawa ta ainihi, ya shiga rubutu ko gyaransa, ya amince da abin da za a buga, ya kuma yarda ya ɗau alhakinsa. Zama shugaban sashe ba ya cikin sharuɗɗan. Amma ɗalibi ba shi da bakin faɗa. In za a yi horo, a fara da masu duba aikin.

Mai_Lissafi237:
Shahon ma yakan faɗo. Diederik Stapel a Holand babban farfesa ne, shugaban tsangaya, yana zaune a gida yana ƙago lambobi yana ba ɗalibansa su yi digirin dokta da su. Matasa uku na ƙasa da shi suka tona shi a 2011, an janye maƙalunsa sama da 50. A shekarar ce kuma ministan tsaron Jamus, Guttenberg, ya sauka daga kujera saboda satar rubutu a kundin doktansa. Bambancin shi ne can akwai ƙofar da ƙaramin zai ƙwanƙwasa ba tare da an yanka shi ba.

Ummu_Rumde:
Tunda an zo maganar sata, ni tambayata daban. Yanzu ana sa kundi a manhajar Compilatio ko Turnitin, ta fitar da kaso. Ɗalibai sun koyi canza kalmomi har kason ya sauka. Wasu kuma ChatGPT ke rubuta musu babi guda. Ƙanwata ta kawo mini nata in duba, na nemi littattafai biyar da ta ambata, uku babu su a duniya, na'urar ce ta ƙago su har da sunan mawallafi da shekara. Wannan a wane babi yake?

Dokta_Walia:
Babin ƙirƙira ne, Malama, ko da ba da niyya ba, domin ita ta sa sunanta a bangon kundin. Kuma manhajar kama sata kamannin kalmomi kawai take aunawa. Kana iya samun kaso 5 alhali ka kwashe tunanin wani ɗungurungum, ka fassara daga Turanci zuwa Faransanci. Kana iya samun 25 kuma ba ka saci komai ba, ambato ne da sunayen littattafai. Ni nakan rufe kundin in ce ɗalibi ya yi mini bayanin shafi na 40 da bakinsa, ko da Larabcin Chadi ne. Minti biyu sun isa.

MaiKilando:
Ni fa ina kai ɗalibai wani shago kusa da makaranta, a waje an rubuta ana buga takardu, a ciki kundi ake sayarwa dafaffe. Har farashi biyu ne, da jadawali ko babu.

MaiZaure:
Jama'a a kiyaye, kada a ambaci sunan shago, makaranta ko malami. Wanda ya yi zan goge.

Bintu_Kuseri:
Akwai kuma wani rashin amanar da ba a koyarwa a bita, don masu shirya bitar su ne ke yi. Baƙi su zo daga waje, mu mu shiga rana, mu yi tafinta, mu san wa za a gaida da wa za a kauce wa, su su zauna a otal. Rahoto ya fito, ko a shafin godiya babu mu. Mutanen da aka yi wa tambayoyi kuwa ba sa sake jin ɗuriyar kowa. A sansanin Minawawo akwai waɗanda suka ba da labarin gudun hijirarsu sau ba adadi, har sun haddace tambayoyin. Wata ta taɓa ce mini, "'yata, bara ma an rubuta, ina aka kai?" Na rasa amsa.

Hajiya_Labo:
Taron duniya kan riƙon amana a bincike da aka yi a Cape Town a 2022 wannan ya tattauna, har aka fitar da sanarwa kan adalci tsakanin masu kuɗi da masu fili. A takarda dai an fara faɗa.

Tsohon_Ɗalibi_Dang:
Ina karanta ku tun safe. Ni ina ganin muna manta cewa jami'o'inmu na arewa yara ne. Ngaundere 1993, Marwa 2008, Garwa 2022. Al'adar da aka shuka yanzu ita za a gada. A Faransa tun 2016 aka wajabta wa masu digirin dokta darasin ɗa'a da amanar bincike, daga baya aka ƙara rantsuwa ranar kare kundi. Ba na cewa mu kwaikwaya ido rufe, rantsuwa ba ta hana mai niyya. Amma da za a ce kowane ɗalibi ya ajiye takardunsa na asali tare da kundi, a zaɓi biyar a buga wa mutanen waya, da cikon darbejiya ya ragu cikin shekara ɗaya. Ko a yi amfani da KoboToolbox a waya, kyauta ce, tana iya riƙe wuri da lokacin da aka cike kowace takarda.

Bintu_Kuseri:
Yaya, na ga wanda ya zagaya ƙauye a kan babur yana dannawa a ƙofar kowane gida don wurin ya shiga, bai yi magana da kowa ba.

Tsohon_Ɗalibi_Dang:
To aƙalla ya je ƙauyen.

Malam_Isnadi:
Kun ga dai duk dabarar da aka kawo sai an samo mata makulli. Shi ya sa na fara da inda na fara.

Gaskiya_Ɗaci:
Malam, tsoron Allah da aljihu wayam sai an dafa masa. A ba yaron nan kuɗin fita fili mana, a ga ko zai nemi inuwa.

Ɗan_Domayo:
Na gode ƙwarai, iyayena da yayyena. Yau da safe na je wurin malamin da takardun a leda, kamar yadda Dokta ya ce. Ya juya su, ya yi shiru, ya ce 140 sun yi kaɗan ga lissafin da muka tsara, amma bai ce in cike ba. Ya ba ni zaɓi: ko in ƙaro 60 daga ƙauyuka biyu na nesa da hanya, ko in rage taken kundin ya tsaya kan inda na je. In na zaɓi na farko zan iya rasa zangon sutenans na wannan karon. Ban yanke ba tukuna. Abokin nawa kuma ya daina amsa sallamata, wai na tona shi, alhali ko sunansa ban kama ba.

Yaya Bintu, in zan koma, ki taimaka mini da yadda kike faɗin bayanin nan na yarda da Fillanci. Kuma waɗancan 140 da jauro ya tara mini, sai na koma na sake tambayarsu, ko in rubuta yadda aka yi kawai?

Dokta_Walia:
Rubuta yadda aka yi. In hanya ta bi da kai ta can, ka tsaya ka sake gaya musu, wanda ya ce a cire tasa ka cire.

Hajiya_Labo:
Ni da na ce ya tambayi kwamitin ɗa'a na makarantarsu tukuna, in akwai. Kafin nan ka nemi darasin ɗa'ar bincike na TRREE a intanet, kyauta ne, akwai shi da Faransanci, babin neman yarda zai yi maka amfani.

MaiKilando:
In ƙauyukan nesa ne ka tashi da asuba, kafin rana ta yi. Zan rage maka kuɗin zuwa, amma man naka ne.

Bintu_Kuseri:
Zan turo maka da murya bayan isha'i, rubuta Fillanci na ba ni wuya. Wane wata za ka koma? In lokacin dashe ne ba za ka sami kowa a gida ba, duk suna karal, gonakin muskuwari.